Rigar nutso a ruwan sanyi: in robar wuya tana shaƙewa, a yanka, a canza, ko a bar rigar?

Habibu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga wata magana da take yawan dawowa wajen masu koyon nutso a ruwan sanyi. Mutum ya sa busasshiyar riga, wadda ruwa ba ya shiga, tun bai kai bakin ruwa ba sai ya ce robar wuya, wadda take hana ruwa shiga ta wuyan rigar, ta shaƙe shi, fuska ta yi ja, haɗiyar yawu ma da ƙyar. Daga nan sai ya yanke hukunci shi dai jiƙaƙƙiyar riga mai kauri, wadda ruwa yake shiga cikinta, zai saya, ko da ruwan digiri 8 ne. Ina iyakar matsewar da ake jurewa? Me ake yi wa robar? Kuma yaushe ne barin busasshiyar rigar yake zama daidai?

Hadiza:
Wa alaikumus salam Malam Habibu. Kafin a zo kan almakashi a fara raba matsewa gida biyu, domin ɗaya takura ce kawai, ɗaya kuwa tana iya kisa.

A kowane gefen wuya akwai babbar jijiyar da take kai jini ƙwaƙwalwa, karotid. A ƙasan muƙamuƙi kaɗan, inda ta rabu biyu, akwai wurin da yake auna ƙarfin bugun jini. In aka danna wurin daga waje, jiki sai ya ɗauka jini ne ya hau, sai ya rage bugun zuciya ya saki jijiyoyi. Jini ya sauka, jiri ya zo, wani har suma. A tudu mai suma faɗuwa zai yi ya farfaɗo. A cikin ruwa na'urar shaƙa ce za ta fita daga bakinsa.

Tun kafin a kai nan, jijiyoyin da suke dawo da jini daga kai su ne suke fara toshewa, saboda suna kusa da fata kuma bangonsu ba ƙarfi. Shi ya sa alamun farko su ne fuska ta yi ja ko ta yi duhu, jijiyoyin goshi su tashi, kai ya riƙa sarawa daidai da bugun zuciya, ido ya yi nauyi. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ba ya shiga ruwa da wannan robar, ko da jirgi ya riga ya tsaya a wurin nutso.

Gwajin ba wuya: a sa rigar a zauna minti 10 zuwa 15, da wani a kusa. A yi magana, a haɗiyi yawu, a juya kai hagu da dama, a ɗaga a sunkuyar. In launin fuska bai canza ba, ba jiri, murya ba ta shaƙe ba, to abin da ake ji baƙuntar abu ne a wuya, kuma wannan sabo yana maganinsa.

Sagir:
Haka ne Malama. Sai dai yawancin sababbin riguna dama da gangan ake sayar da su da robar da ta yi wa kowa kaɗan. Robar lateks kamar mazurari take, faɗi a ƙasa, tsukakken baki a sama, da zobba-zobba a jere a jikinta. An yi ta ne don mai ita ya rage ta daidai wuyansa. Wanda ya fito da riga daga kwali ya zura kai, ya ce busasshiyar riga ba ta yi masa ba, bai ma gwada ta ba tukuna.

Ga yadda ake yi. A auna wuya da tef ɗin tela a wurin da robar za ta zauna, ba a kan zakaran wuya ba. A shimfiɗa bakin robar a kan tebur ba tare da an ja ba, a auna faɗinsa, a ninka biyu, shi ne zagayensa. Jadawalin kamfanoni ya bambanta, amma galibi ana so bakin ya gaza wuya da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Wuya mai santimita 40 ke nan yana son baki mai zagayen 32 zuwa 36, wato faɗin 16 zuwa 18 a shimfiɗe. In ka auna ka ga faɗin 14, zagaye 28 ke nan, ba mamaki mutum ya ga taurari.

Yanka kuma zobe ɗaya ake cirewa, a gwada, a sake zaman minti 15 ɗin nan. Ba a cire biyu a tashi ɗaya. A juya robar ta yadda zobban za su fito fili, a samu dogon almakashi mai kaifi, a bi layin da dogayen yanka, kada a riƙa tsinka-tsinka, kuma kada a rufe bakin almakashin gaba ɗaya a kowane yanka, nan ne ake barin ɗan tsagi. Wasu sun fi son su ɗaura robar a kan gwangwani ko bututun roba su zagaye ta da sabuwar reza. Kowanne aka bi, bayan an gama a ja bakin a hankali a duba shi a haske. Tsagin da bai kai ƙwayar gero ba shi ne zai yage har ƙasa ranar da aka buɗa robar za a zura kai. In an ga irinsa a goge shi da samfefa mai laushi har gefen ya yi sumul.

Bashir:
Malam Sagir ka yi saurin ɗauko almakashi. Abin da aka yanke ba ya komawa. Sabuwar roba tana saki da kanta bayan an yi amfani da ita 'yan lokuta, wanda ya yanka ta daidai a ranar farko, bayan wata biyu zai ga ruwa yana bi masa ta ƙeya. A fara buɗa ta tukuna: a ɗora ta a kan wani abu mai santsi da ya ɗan fi wuya kauri, a bar ta kwana ɗaya, a cire a bari ta huta, sannan a gwada. Silindar iskar shaƙa ta aluminiyam da aka fi sani kaurinta milimita 184 ne, zagayenta kusan santimita 58, ta isa har ta yi yawa ga mai siririn wuya. Kwalbar lita 2 kuwa zagayenta bai wuce 35 ba, ba abin da za ta yi.

Sagir:
Buɗawa a kan silinda ta fi aiki ga niyofirin, wato robar nan mai kamar soso da ake yin rigunan nutso da ita, domin shi in an ja shi ya daɗe yana zama a haka. Lateks mai kyau komawa yake yi kusan yadda yake. In faɗin 14 ne ana neman 17, ko mako ya yi a kan silinda ba zai kai ba, sai dai ka gajiyar da robar. Na yarda da kai a abu ɗaya: a tsaya zobe guda kafin inda ake jin daɗi sosai, sauran amfani zai ƙarasa.

Bashir:
To a nan mun haɗu.

Rabi:
Ku biyun duk kun ɗauka girman bakin ne matsalar. Sau da yawa ba shi ba ne. A duba waɗannan kafin a taɓa robar.

Wurin zamanta. In aka zura kai aka bar ta inda ta tsaya, a saman wuya take maƙalewa, daidai ƙarƙashin muƙamuƙi, wurin da Malama Hadiza ta ce kada a danna. A sa yatsu a sauko da ita ƙasa da zakaran wuya, a daidaita ta ta kwanta lafiya a zagaye. Gefen lateks in ya naɗe ya zama kamar igiya, duk ƙarfin da ya kamata ya bazu a faɗin santimita 2 ko 3 sai ya taru a layi ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya sa roba mai kyau ta zama abin shaƙewa.

Tsawon gangar rigar. In rigar ta yi wa mutum gajarta daga kafaɗa zuwa tsakanin ƙafafu, duk lokacin da ya miƙa hannu ko ya sunkuya sai ta ja robar ƙasa ta baya, gaban ya danne maƙogwaro. Gwajinsa: da cikakkun kayan ɗumi a ciki, a tsuguna, a ɗaga hannu biyu sama, sannan a kai hannu ƙeya kamar za a taɓa bawul ɗin silinda. In wuya ya ƙara matsewa a ɗaya daga ciki, rigar ce ba daidai ba, kuma ko an yanka robar ba za a huta ba, sai dai a ƙara yoyo a kan shaƙewa. Riguna masu gangar da take naɗewa a ƙugu, da maɗauri tsakanin ƙafafu, don wannan aka yi su.

Sai abin da aka jibga a wuyan. Kwalar rigar ɗumi mai tsayi, da hular nutso mai milimita 5 ko 7 wadda ita ma tana da nata matsin, da igiyar robar da ake rataye na'urar shaƙa ta biyu. Kowanne shi kaɗai ba laifi, amma in sun haɗu a wuya ɗaya sai a ɗora wa robar laifin. A gwada rigar ba hula, sannan da hula. Sau da yawa hular ce take son a rage mata ƙasa ko a ɗauki mai girma ɗaya sama.

Nura:
Ni a ganina duk wanda wuyansa ba ya son matsi ya tafi kai tsaye ga silikon. Ya fi lateks laushi da miƙewa, don haka yana toshe ruwa da matsi kaɗan. Hasken rana da iskar ozon ba sa cinye shi yadda suke cinye lateks, kuma wanda lateks yake sa wa borin jini ko ƙuraje ya tsira. Gam ba ya kama shi, shi ya sa sai an dasa zobe a wuyan rigar, irin Quick Neck ko Neck Tite na kamfanin Si Tech, robar ta maƙale a ciki. Amfanin zoben shi ne in roba ta yage a bakin ruwa, cikin 'yan mintuna an cire an sa wata, ba sai an kai wa mai gyara an jira gam ya bushe ba. Kamfanin DUI ma suna da nasu tsarin, ZipSeals, da ake cirewa a mayar.

Sagir:
Ka faɗi daɗinsa, saura ɗacinsa. Silikon in farce ko ɗan kunne ya huda shi, yagewa yake yi har ƙasa nan take, kuma ba a yi masa faci. Dole a riƙa yawo da na ajiya. Ƙura da gashi suna manne masa. Sannan zoben nan yana da faɗi, yana zaune a kan kafaɗa. Mai ƙananan kafaɗu zai ga maɗaurin silinda yana hawa kan zoben yana danna masa ƙashin wuya, wani kuma kai hannu baya wajen bawul yana yi masa wahala. Kada a sa a dasa zobe sai an gwada rigar da take da shi, da silinda a baya, ba a tsaye a gaban madubi ba.

Nura:
Gaskiya ne batun kafaɗa. Akwai zobba masu lanƙwasuwa da suka fi na da sauƙi, amma gwajin dai ba makawa.

Rabi:
Ba wanda ya tsaya a kan robar niyofirin, alhali ita ce ta fi dacewa da da yawa daga cikin masu wannan kuka. Faɗinta ya fi, matsinta a baje yake, kuma tana da ɗumi, abin da lateks da silikon ba su da shi ko kaɗan. Yawancinsu naɗe su ake yi ciki: bayan an zura kai, a lanƙwasa bakin zuwa ciki kamar santimita 3 zuwa 5, gefen mai santsi ya kwanta a fata. Iskar da take cikin rigar tana shiga cikin lanƙwasar ta ƙara manna ta. Wanda ya manta bai naɗe ba zai jiƙe, ya ce robar ba ta da kyau.

Inda take kasawa: zura kai ya fi wuya domin ba ta miƙewa sosai, mai babban kai da siririn wuya zai sha fama, in ta wuce kan kuma ta yi wa wuyan yawa. Tana saki da tsufa, sai mai gyara ya rage ta. Ba a yi mata yankan gida yadda ake yi wa lateks, akwai ɗinki da gam a jikinta, in an yanke ɗinkin warwarewa yake yi. Akwai kuma waɗanda sinadaran haɗa niyofirin suke sa wa ƙaiƙayi, ko da yake ba su kai masu matsalar lateks yawa ba.

Lawan:
Duk wannan wahalar don me? Rigar tsaka-tsaki, wato jiƙaƙƙiyar da ruwa kaɗan ne yake shiga cikinta, mai milimita 7, da hula a haɗe da zif mai hana ruwa, tana kai mutum ruwan digiri 10 zuwa 12 lafiya. Ba bawul, ba tiyon sa wa riga iska irin na busasshiya, ba iskar da za ta gudu ƙafafu ta juya mutum kai ƙasa, ba sai an yi wani kwas ba. Wanda wuyansa ba ya son roba a bar shi ya sa abin da hankalinsa zai kwanta da shi. Mai nutso da hankalinsa yake kan wuyansa ba ya duba ma'aunin iska.

Habibu:
Maganarka ta ƙarshe gaskiya ce Malam Lawan, amma a faɗi iyakar rigar. Niyofirin kumfar iska ce a cikin roba, ita take riƙe ɗumi. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara bar 1 na matsi a kan bar 1 na iskar da ake da shi a saman ruwa. A mita 10 bar 2, a mita 30 bar 4, kumfar ta matse, rigar da take milimita 7 a sama ta koma kusan rabi ko ƙasa da haka. Wato a wurin da ruwa ya fi sanyi, nan rigar ta fi sirancewa. Ruwa kuwa yana janye zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu. Ga kuma dalma: an ɗaura mai yawa don a iya nutsar da rigar a sama, a ƙasa rigar ta daina ɗagawa, mutum ya yi nauyi, sai ya cika jaket ɗin iska, wanda yake ɗaga mai nutso, don ya daidaita.

Ma'aunin Turai na jiƙaƙƙun riguna, EN 14225-1, ajinsa mafi ɗumi na digiri 7 zuwa 12 ne, mai bi masa 10 zuwa 18. Ƙasa da 7 babu aji. Tafkuna masu zurfi a ƙasashen sanyi kuwa ƙasansu yana zama kusa da digiri 4 ko da bazara ce, domin a nan ne ruwan daɗi ya fi nauyi. Silfra, wani tsagin dutse mai cike da ruwa a ƙasar Aisland, digiri 2 zuwa 4 take duk shekara, kuma da busasshiyar riga ake nutso a can, sai an nuna shaidar an iya amfani da ita.

Sannan nutso na biyu. Mai busasshiyar riga ya fito a bushe ya huta. Mai jiƙaƙƙiya yana zaune iska tana bugun rigar, ya koma ruwa da sanyin da bai gama fita ba.

Lawan:
Ban ce a shiga digiri 4 da ita ba. Nutso ɗaya, mita 15 zuwa 18, minti 35 ko 40, ruwa sama da digiri 10, nan nake magana.

Habibu:
A wannan iyakar ba musu.

Rabi:
Sai dai a sani ita ma tsaka-tsakin tana da robar wuya, da ta hannu da ta ƙafa, da su take rage shigar ruwa. Wasu ma matsinsu bai gaza na busasshiyar ba, musamman masu zif a ƙirji da ake zura kai ta wani ƙaramin baki. Wanda yake gudun matsi gaba ɗaya, abin da ya rage masa shi ne riga biyu: doguwa marar hannu, da ta sama mai hula a haɗe. Milimita 7 kan 7 a ƙirji, 14 ke nan, wuya kuma hula ce kawai ta rufe shi. Farashinsa nauyin dalma da taurin motsi.

Hadiza:
In ƙara abu biyu. Ana yawan cewa "ka daure, in ka shiga ruwa za ta saki." Abin da yake faruwa shi ne hankali yana komawa wani wuri, mutum ya daina lura. Robar ba ta ƙara faɗi don ta jiƙe. Wannan magana ta yi daidai ga mai jin takura kawai, ga wanda fuskarsa ta canza launi kuwa shawara ce mai haɗari.

Na biyu, akwai mutanen da wurin nan na jijiyar wuyansu yake da saurin amsawa fiye da na kowa, an fi samun haka ga waɗanda suka manyanta. Wanda ya taɓa jin jiri don ya ɗaure kwalar riga, ko lokacin aske gemu ta wuya, ko da ya waiga da sauri, ko aka taɓa gaya masa jijiyoyin wuyansa sun tsuke, ko yake shan maganin da yake rage bugun zuciya, ya ga likitan da ya san harkar nutso kafin ya sa kowace irin roba. Ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, tana taimakawa wajen haɗa mutane da irin waɗannan likitoci.

Bashir:
Kada kuma tsoron shaƙewa ya sa a wuce gona da iri wajen sassautawa. Robar da ta yi yawa tana da nata haɗarin. Iska a cikin riga sama take nema, in mutum ya miƙe tsaye a ruwa sai ta taru a kafaɗa ta ɓulle ta wuya, ruwan sanyi ya biyo bayanta. Rigar da ta sha ruwa ba ta jan mutum ƙasa kamar dutse yadda ake tsoratarwa, amma kayan ɗumin sun jiƙe, ɗagawarsu ta ragu, sanyi ya kama ƙirji, hawa tsani da ƙafafu cike da ruwa kuma aiki ne. Shi ya sa ba a barin jaket ɗin iska don an sa busasshiyar riga.

Wani yoyon ma ba na girma ba ne. Masu siririn wuya in sun juya kai, jijiyar naman da ta taso daga bayan kunne zuwa ƙirji tana tashi ta bar kwari a gefenta, ruwa ya bi ta nan. Maganinsa a juya da kafaɗa tare da kai, ko a ɗan matsar da robar inda wuyan ya fi zama mulmulalle, ko a sa abin wuya mai taushi irin Bio-Seal na Apollo a ƙarƙashinta, yana cike kwarin yana kuma hana gogar fata. Gashin ƙeya da kwalar rigar ciki in suka shiga ƙarƙashin roba, su ma hanyar ruwa ce.

Nura:
Tambaya ga Malam Sagir: tsohon lateks da ya fara matsewa bayan da can daidai yake, a ƙara yanka?

Sagir:
A'a. Lateks da tsufa saki yake yi, ba ya tsukewa. In ya fara damu, ko wuyan ne ya ƙaru, ko robar ta taurare ta daina miƙewa. A ja ta a duba: in an ga ƙananan tsage-tsage, ko tana danƙo tana manne wa yatsa, ta mutu, canzawa za a yi. Abin da yake kashe ta da wuri shi ne basilin da duk man da aka samo daga fetur, man kariya daga rana, turare, maiƙon jiki da ba a wanke ba, da ajiya a rana ko kusa da injin lantarki mai fitar da ozon. Bayan nutso a wanke ta da ruwan daɗi da sabulu kaɗan, ta bushe a inuwa, a barbaɗa mata hoda marar ƙamshi.

Wajen sawa, a cire ɗan kunne da sarƙa, mai dogon gashi ya rufe shi da siririyar hula mai santsi. A zura hannu biyu ta sama, a buɗa da tafin yatsu ba da farce ba, a tura kai a tashi ɗaya, kada a tsaya robar tana kan fuska. Wajen cirewa ma haka, a buɗa tukuna, a sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, sannan a zare.

Rabi:
Kuma duk robar da aka yanka ko aka canza, nutson farko da ita a ruwa marar zurfi ake yi, mita 3 zuwa 5, kusa da mafita. A kwanta, a miƙe tsaye, a kalli sama, a waiga kowane gefe, a sa iska a rigar a fitar ta bawul ɗin hannu. A sa rigar ciki mai launin toka, in an fito duk inda ruwa ya bi zai nuna a jikinta, daga nan za a gane ko ta gaba yake shiga ko ta ƙeya.